Injiniya da Tsohuwar da Ba Ta Barci

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, kan Injiniya yana tsakanin gwiwoyina. Na tsefe shi duka, na kitsa ɓangaren dama, na hagu kuwa yana tsaye cirko-cirko kamar ta ga abin tsoro, matsefata a soke a tsakiyarsa. Sai wayarta ta hau kuka. Ta duba ta ce, "Yaya, taron gaggawa ne daga wurin aiki. Ki ci gaba abinki, murya kawai zan saurara, ba mai ganina."

Ta buɗe kwamfutarta a kan cinya. Ni kuwa tunda an ce ba mai gani, na leƙo ta saman kanta. Fuskokin maza ne wajen goma, kowa a cikin ɗan akwatinsa kamar hotunan katin shaida. Na tsakiya yana ta zuba bayani, kansa sai ƙyalli yake.

Na ce, "Kai! Wane ne wannan mai sanƙon? Wallahi ƙuda ya sauka a nan sai ya zame."

Mutumin ya katse bayaninsa. Sauran suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Can sai ya gyara murya ya ce, "Injiniya, muna jin ku. Muna kuma ganin ku. A gaishe mana da mai gyaran kai."

Ashe Oganta ne.

Don ruɗewa ta fizgo ɗankwali, maimakon ta rufe kanta sai ta lulluɓe kwamfutar da shi. Muryar Oga ta ci gaba da fitowa daga ƙarƙashin ɗankwali kamar ta mai zazzaɓi. Ta juyo ta dube ni, ido ya yi ja.

"Yaya, kin kashe ni."

"Ni? Ke fa kika ce ba mai gani. Shekara nawa kina koya wa mutane tsaro, ɗan idon da ke goshin kwamfutarki ya gagare ki?"

Ta gama sauraron taron a tsaye, ta ɗaure rabin kitson da ɗankwali biyu, ta saɓi jaka ta fice. Ko matsefata sai a bakin ƙofa ta tuna ta zaro ta miƙo mini.

Shekara goma sha shida ke nan muna maƙwabtaka, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata, ta yadda idan ta yi atishawa ni ke yi mata sannu. Mahaifinta mai gyaran rediyo da agogon bango ne. 'Ya'ya mata biyar Allah ya ba shi, ita ce ta huɗu, ita ce kuma wadda ba ta jin tsoron ƙarfen narka dalma. Ta ce mini tun tana shekara takwas duk abin da ke ɗaure da noti a gidansu ta kwance shi ta ga cikinsa, har da agogon da wani ya kawo gyara ba a kai kansa ba. Da ta girma ta koyi buga takardu, aka ɗauke ta aikin buga wasiƙu a kamfanin da take ciki har yau. Kamfanin shi ke ajiye wa ƙananan asibitoci sakamakon gwaje-gwajen marasa lafiya: na jini, na ciki, na fitsari, duk abin da mutum ba ya so a ji a bakin titi.

A lokacin akwai wani dattijo da ke kula da manyan kwamfutocin wurin, waɗanda suke kira saba. Malam Mai Suwaita ake ce masa, don ko ana zafin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, shi da suwaitarsa, saboda sanyin ɗakin da yake wuni. Wata rana ya same ta ta tsugunna ta kwance bayan firinta tana zaro takarda da fil ɗin gashi. Bai yi mata faɗa ba. Ya tsaya har ta gama, ya ce ta biyo shi. Daga nan ta koma ƙarƙashinsa, ta shiga makaranta da tsohon cikin ɗanta na biyu, tana karatu ƙafa a kumbure a cikin roba. Da Allah ya yi wa Malam rasuwa shekara shida da suka wuce, ita aka miƙa wa ɗakin. Suwaitar ma ita ta gada, tana nan rataye a bayan ƙofa.

Mijinta direban babbar mota ne, mutum mai fara'a, tumbinsa kan riga shi shigowa gida. Idan aka tambaye shi aikin matarsa sai ya ce, "Gadi take yi. Amma fa gadin zaune, a cikin firji." Ita kuma ta ce masa ai gara ita, kayan da take gadi ba su taɓa faɗawa kwalbati ba. Haka suke, 'ya'yansu uku suna dariya. Gidan ba ya rasa hayaniya, ba ya kuma rasa abinci a tukunya, kuma ni shaida ce tunda cokalina ya san hanyar.

Mu mutanen layi mun daɗe ba mu gane aikinta ba. Wannan ya kawo mata waya ta faɗa ruwa, wancan ya kawo fitila mai caji. Akwai masu gaishe ta da ladabi na musamman don sun ɗauka tana karanta saƙonnin kowa. Ni kaina ta taɓa karɓar wayata, ta danna lamba huɗu, ta buɗe tashi ɗaya. Na ce sihiri ne. Ta ce ba sihiri ba ne, shekarar da na ce an haife ni ce, kuma ma ƙarya ce shekarar. Ta tsaya a kaina sai da na canza.

A zaman kitso na koyi abin da na sani, don wanda kansa ke hannunka ba shi da wurin gudu. Saba arba'in da ɗaya ne a hannunta. Idan likita a asibitinsa ya nemi sakamakon mara lafiya, sakamakon ba ya tafiya tsirara a hanya. Akwai wata manhaja da ke kulle shi, ta yadda ko wani ya tare shi a tsakani shirme kawai zai gani, sai mai makulli. To ranar Asabar ɗin nan masu manhajar ne suka yi shela ga duniya cewa an gano kafa a jikinta. Duk wanda ya san kan abin zai iya zura hannu ya damƙo abin da ke wucewa, har makullin kansa. Sun fitar da facin toshe kafar tare da shelar. Ke nan ɓarawo da mai gadi lokaci ɗaya suka ji labari, sai dai wanda ya riga wani.

Na'urorin nan kuwa duk ta raɗa musu suna, tana ba da labarinsu kamar 'yan uwa. Akwai Sarauniya, akwai Mai Tari, akwai 'Yan Biyu da ba a taɓa ɗaya a bar ɗaya. Sai Tsohuwa, wadda Malam Mai Suwaita ya kafa da hannunsa. Shekara tara ba a taɓa kashe ta ba ko na ƙiftawar ido, ko wuta ta ɗauke batura ke riƙe ta har janareta ya tashi. Malam ya sha faɗa wai irinta ba a bakin aiki suke mutuwa ba, wajen tashi daga barci suke cikawa. Asibitoci goma sha biyu ne rataye a wuyanta, kowa a ofishin lallaɓa ta yake.

Kwana biyu ban sa Injiniya a ido ba, sai dai in ji buɗe ƙofa da rufewa. Ranar Talata da hantsi sai ga ta da kujerarta 'yar tsugunno, fuska a sake.

"Yaya, a ƙarasa mini kan nan kafin ya zama sheƙar tsuntsu."

"Ya riga ya zama. Na ji motsi a ciki. An toshe ramin?"

"An toshe. Arba'in da ɗaya cif. Jiya na aika wa Oga rahoto, ya amsa da madalla."

"Bai aiko mini da gaisuwa ba?"

"Ki rufa mini asiri. Har yanzu idan na shiga ofis sai in ga mutane suna kallon silin."

Na zauna na soma tsaga. Tana ta ba ni labari cikin nishaɗi, yadda take fara gwada faci a kan wata na'urar gwaji da ba kowa a kanta, in ta ga bai fasa komai ba sannan ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ɗora facin kaɗai ba ya wadatarwa, sai an kashe na'ura an kunna. In ba haka ba sabon yana ajiye a cikinta, amma tsohon mai kafar shi ke ci gaba da aiki a ƙwaƙwalwarta.

Ni kuwa don neman magana na ce, "Ah, ashe Tsohuwa ta samu ta runtsa bayan shekara tara. Ta yi minshari?"

Mai kitso ba ta bukatar ganin fuska, wuya ke gaya mata komai. Wuyan Injiniya ya sandare a hannuna kamar taɓarya.

"'Yar nan, lafiya?"

Ta ce a hankali, "Ban kashe ta ba."

"Kamar yaya?"

"Na ɗora mata facin, na bar kashewar sai ƙarshe don in nemi izinin Oga. Da na gama sauran na sa wani abin dubawa da muke da shi a kwamfuta ya zagaya su. Shi kuwa tambayar kowace na'ura yake wace lamba ce ajiye a cikinta, ba wace take aiki da ita ba. Duk suka amsa sabuwa. Na ga layi arba'in da ɗaya kore shar, ga gajiya, na rubuta an gama." Ta dafe goshi. "Yaya, ƙofar a buɗe take tun Asabar, ni kuma na manna mata takarda na ce a kulle take."

Na ce, "To wa ya sani? Daga ni sai ke sai matsefa. Ki lallaɓa ki kashe ta ki kunna, ki dawo mu ƙarasa."

"Ba a kashe ta a ɓoye. Likita yana zaune da mara lafiya a gabansa sai ya ga allo ya ɗauke? In kuma ta ƙi tashi fa, in ce me?" Ta juyo gaba ɗaya har tsagar ta kuɓuce mini. "Kin san abin da ke cikinta? Matar da ta yi gwaji ko mijinta ba ta gaya wa ba tukuna. Saurayin da ke jiran sakamako ba ya iya cin abinci. Sun ba likita amana, likita ya ba mu. Shekara ashirin ban taɓa rubuta wa Oga abin da ba haka yake ba."

Ta miƙe tana neman ɗankwali. Na ce ai kuwa ƙafarta ƙafata. Kan da na fara ba zai yi yawon gari rabi har sau biyu ba, a ce hannuna ne ya lalace. Duk inda ta samu zama na minti goma, nan zan ƙarasa. Gaskiyar magana kuma, ina so in ga sanƙon nan ido da ido.

A bakin ofishin mai gadi ya karɓe wayata ya jefa a wani ɗan akwati, ya rataya mini kati a wuya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Muka hau bene. Oga yana zaune bayan tebur da kofin shayi. A fili ya fi kyau, dogo ne mai sanyin murya, amma kan nan dai yadda na faɗa yake. Na durƙusa har ƙasa na ce, "Ranka ya daɗe, ina kwana."

Ya ajiye kofin. "Wannan muryar na san ta."

"Murya kan yi kama, ranka ya daɗe."

Ya so ya yi dariya, sai ya ga fuskar Injiniya. Ba ta zauna ba, ba ta kuma yi kwana-kwana ba. Ta ce, "Yallaɓai, rahoton da na aiko jiya ba daidai ba ne. Arba'in ne, ba arba'in da ɗaya ba. Tsohuwa tana nan da kafarta. Kuskurena ne." Ta yi masa bayanin yadda aka yi.

Ya daɗe yana murza goshi. "Na riga na tura rahoton nan sama, Injiniya. Na kuma gaya wa asibitoci su kwantar da hankalinsu."

"Na sani, Yallaɓai."

"A bar ta zuwa ƙarshen mako, lokacin da aiki ya yi sauƙi."

"Kwana huɗu ke nan nan gaba. Yadda ake zura hannun ya riga ya bazu, ko ɗan koyo zai iya. Ka ba ni rabin awa yau da ƙarfe ɗaya. Kafin nan zan kwafe duk abin da ke cikinta zuwa na'urar ajiya, in kira asibitocin da bakina."

"In ba ta tashi ba fa?"

"Sai mu koma kan ta ajiyar. Za a yi awa biyu ana haɗawa, kuma ba ta da ƙarfin Tsohuwa, amma ba abin da zai ɓata."

"Kin san in aka yi awa uku asibiti goma sha biyu ba sakamako, ba ni kaɗai za a kira sama ba. Ban da tabbacin zan iya kare miki kujerarki."

Ta ce, "Ni na rubuta arba'in da ɗaya, Yallaɓai. Ni zan amsa."

Ya dube ta, ya dubi agogo, ya ce ta je ta fara.

Awa biyu ina zaune a kan benci ina kallonta tana kiran waya. Kowane asibiti sai ta faɗi sunanta, ta ce jiya an gaya muku an gama, ba a gama ba, laifina ne, da ƙarfe ɗaya za mu ɗauke na rabin awa, duk sakamakon da kuke bukata da gaggawa ku buga shi a takarda yanzu. Sau goma sha biyu ta maimaita "laifina ne". Ni da a ce ni ce, tun a na uku zan fara ɗora wa mai shara.

Da lokaci ya yi ta zura suwaitar Malam, wata ruwan toka mai faci a gwiwar hannu, ta kai mata har cinya. Aka bar ni in shiga bisa sharaɗin hannuwana su zauna a bayana. Ana buɗe ƙofa sanyi ya mare ni. Ɗaki ne ba taga, kabad-kabad na ƙarfe a jere sun fi mijinta tsawo, ƙananan fitilu kore da ruwan ɗorawa sai ƙifce suke. Ƙara kuwa kamar ana ruwa a kan kwano ba ƙaƙƙautawa. Na leƙa bayan wani kabad na ga wayoyi shuɗi da ja an jera su, an ɗaure, kowace tsaga a miƙe, ba wadda ta hau wata. Na ce a raina ashe yarinyar nan ta iya kitso, rowar hannu take yi mana.

Tsohuwa tana can ƙasa a kabad na ƙarshe, jikinta ya yi jaja-jaja kamar tsohon haƙori. An manna mata wata takarda da ta dafe, da rubutun Malam: "Kada a kashe." Injiniya ta tsugunna ta ɓamɓare takardar a hankali, ta ninke ta sa a aljihun suwaitar. Ta yi bisimilla, ta buga wasu 'yan kalmomi. Ƙarar Tsohuwa ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta ɗauke. A cikin duk hayaniyar ɗakin nan sai da na ji shirunta.

Ta ƙirga goma, ta danna maɓalli. Fankoki suka yi gurnani. Allon da ta jona ya kawo wasu rubuce-rubuce, sannan ya yi baƙi, sai wani ɗan farin layi a kusurwa yana ƙiftawa.

Minti biyar. Minti goma. Ɗan layin nan dai.

Oga ya shigo ba suwaita, ya harɗe hannu a ƙirji. A minti na ashirin ya fara zagaye. Da rabin awa ta cika wayar ofis ta soma kuka daga waje, tana yin shiru wata na ɗauka. Duk sanyin nan sai ga gumi yana tsattsafowa a kansa.

"Ta maƙale," in ji shi. "A zare mata wuta a sake kunnawa."

"A'a, Yallaɓai."

"Injiniya, ko wayata in ta maƙale haka nake yi mata."

Ya nufi bayan kabad. Kafin ya kai ta riga shi, ta zauna daɓas a ƙasa ta jingina bayanta da wurin wayar wutar, ta miƙe ƙafa. Mace mai 'ya'ya uku, a gaban Oganta.

"Ka gafarce ni, amma sai dai ka ɗauke ni. Ba maƙalewa ta yi ba. Dubi wannan 'yar fitilar, ka ga tana rawa? Kawo hannunka nan." Ta kama gefen na'urar. "Ka ji tana ɗan kaɗawa? Kayan cikinta take dubawa ɗaya bayan ɗaya. Shekara tara ba ta yi wannan binciken ba, dole ya daɗe. In aka zare mata wuta tana tsakiyarsa, watsar da komai za ta yi. Ni na yi kuskure da na ce rabin awa. Ka ba ni zuwa biyu da kwata. In ba ta tashi ba, da hannuna zan koma kan ta ajiya."

Oga ya tsugunna ya ɗora tafinsa a jikin Tsohuwa kamar mai duba zazzaɓin yaro. Bai sake nufar wayar wutar ba. Muka ci gaba da jira mu uku. Haƙorana sun fara haɗuwa, na ga in ban yi magana ba zan daskare.

Na ce, "'Yar nan, tunda ga ki zaune, in ƙarasa tsaga biyun nan mana."

"Yaya, a ɗakin nan? Gashi ɗaya ya shiga fanka mun shiga uku. Ba a son gashi a nan ko kaɗan."

"Au! Shi ya sa aka ba Yallaɓai shugabancin wurin."

Injiniya ta rufe ido kamar mai jiran tsawa. Oga ya dube ni, leɓensa na motsi, sai kawai ya fashe da dariya har ya zame ya zauna a ƙasa shi ma. Ya ce, "Baiwar Allah, ke ba ki da birki ne?" Na ce an taɓa sa mini, bai kama ba. Ya ciro wayarsa ya fita, muna jiyo shi yana ba asibitoci haƙuri da kansa, yana cewa a ƙara musu minti ashirin, aiki na tafiya daidai.

Biyu saura 'yan mintoci ɗan farin layin ya ɓace. Rubutu ya ɓarke a allon yana gudu sama kamar an buɗe famfo. Na yi guɗa, Injiniya ta ɗaga mini hannu. Ba ta yi murna ba tukuna. Ta jawo kwamfutarta ta ce yanzu ita ce ɓarauniyar. Ta gwada zura hannu ta kafar nan yadda masu kutse ke yi, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Tsohuwa ta ƙi ba ta komai. Sai a sannan ta sauke numfashi, ta shafa kan na'urar ta ce, "Sannu, Inna. Sannu da tashi."

Oga ya dawo ya tambaya ko wani ya riga ya shiga a kwanakin nan. Na zaci za ta ce a'a kowa ya huta. Sai ta ce irin wannan kafar ba ta barin sawu, don haka ba za ta rantse ba. Abin da za ta yi shi ne ta ƙera sababbin makullai ta soke tsofaffin, a kuma rubuta wa asibitoci kowa ya canza kalmar sirrinsa. Abin dubawar nan ma za ta gyara shi ya riƙa tambayar na'ura me take aiki da shi. Ya ce ta rubuta masa duk wannan, shi zai hau sama da takardar, kuma kujerarta tana nan inda take. Da za mu fita ya ce mini in na sake zuwa in zo da rigar sanyi, bakin kuma in bar shi wurin mai gadi tare da waya.

Sai da la'asar ta gama da makullan muka tari tasi. Ta jingina kai da gilashi, ta yi laushi, amma fuskar nan fes kamar wadda ta sauke tulu. Na bari muka wuce shataletale, sannan na matso na rage murya.

"Ƙanwata."

"Na'am."

"Ɗazu da rubutu ke gudu a allon nan, kamar na hango sunayen mutane."

"Ba ki hango ba."

"To na ji. Amma dubi, matar mai shagon kusurwa sau biyu ke nan a watan nan ina ganinta ta fito daga asibiti, ga yawan tofar da yawu. Ba cewa na yi ki buɗe mini komai ba. Kai kawai za ki gyaɗa, ko ki girgiza. Ai yau na yi muku aiki, ba don ni ba da har yanzu Tsohuwa na nan a buɗe."

Direban tasi ya rage rediyo, kunnensa ya miƙe. Injiniya ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa.

"Yaya, Tsohuwa da ta shekara tara tana surutu, yau na samu ta yi mini shiru na kusan awa guda. Ke shekara goma sha shida nake jiran naki, kuma har yau ba kamfanin da ya fitar da facinki."